Kifin da Ya Ci Anatole

Kifi na huɗu ke nan da Odile ta ciro a makon nan. Ta shafa cikinsa, ta ji shi a lafe, ta zare ƙugiya ta mayar da shi ruwa.

Kowa a wannan fadamar ta Louisiana ya san abin da take nema: gar, kifin nan mai bakin kada, wanda aka ce ya halaka mijinta Anatole bara. Wendell ne ya kawo labarin, baƙon da aikin haƙar man fetur ya kawo daga arewa, don su biyu ne a kwalekwalen. Ya ce kifin ya taso shaƙar iska, ya cafki hannun Anatole ya nutse da shi. Tsofaffin masunta suka kalli juna. Odile ce ta wanke gawar, ta daɗe tana juya hannayensa biyu.

Tun daga nan ƙafar Wendell ba ta ɗauke daga gidan ba. Yau gyaran rufi, gobe maganar aure.

"Bari in kama kifin tukuna," take ce masa, tana murza ɗan kunnen da Anatole ya yi mata da ɓawon kifin.

Da ruwa ya cika ya malale ciyayi, manyan kifayen suka shigo bakin gaɓa. Ta samu wata macen gar wadda ta fi ta tsawo, ciki tim. Da gatari ta fasa ɓawonta mai tauri kamar sulke. Ta kori kyanwa da kaji daga bakin kwano, ta dafa abin da ta ciro daga cikinta da shinkafa da barkono mai yawa, ta aika a kira Wendell.

Ya zo da tsakar rana, ya sha turare.

"Zauna, angon gobe. Ga wadda ta raba ni da mijina."

"Ke ba za ki ci ba?"

"Kallonka ya ishe ni."

Ya ci, ya ƙara, ya siɗe kwano. Bai lura ta fita ta kwance kwalekwalensa ba, ga asibiti tafiyar rabin yini ce ta ruwa.

Ta dawo ta zauna tana kallonsa, gumi ya fara tsattsafo masa. A hannun Anatole ba ta ga shatin haƙori ko ɗaya ba, sai na filafilin tuƙa kwalekwale a ƙeyarsa. Duk haifaffen fadamar nan ya san gar ba ya jan mutum ruwa, ya kuma san abin da baƙo bai sani ba: ƙwansa dafi ne, shi ya sa ta shekara tana jiran mai ciki.