Kiɗan Markaɗe da Babbar Baƙuwa

Tunda ka ce za ka haɗa aiki da wanda ya fi ka suna, zauna in ba ka misali ka tafi da shi.

Akwai wani mai haɗa kiɗa da kwamfuta, shagonsa a wani lungu, bango ɗaya ne tsakaninsa da injin markaɗe. Tun safe injin ke gurnani, mai injin yana ƙwanƙwasa bakinsa da sanda don tattasai ya sauka. Duk sautin da mai kiɗan ya ɗauka sai ƙarar ta kutsa ciki. Da ya gaji da faɗa da ita, sai ya mayar da ita kiɗa: gurnanin ya zama gindi, bugun sandar ya zama ganga, ya ɗora sauran a kai. Kiɗan yana da kaushi, ba irin na gidan biki ba ne, amma in ya shiga jikin mutum ba ya fita da wuri. Rediyo ba ta san da zamansa ba. Masu saurarensa 'yan gareji ne da direbobin adaidaita, suna tura wa juna daga waya zuwa waya, suna kiransa kiɗan markaɗe. Ba su da yawa, amma suna alfahari da shi, suna cewa shi kaɗai ne bai bi yayi ba. Wannan shaidar tasu ita ce duk abin da ya mallaka.

A garin kuma akwai wata mawaƙiya wadda ba a biki sai da muryarta. Suna kam ta yi shi, sai dai an fara yi mata tsiya cewa waƙoƙinta shayi ne da aka cika wa sukari, ka ji ɗaya ka ji duka. Abin yana cin ranta. Ran nan tana cikin cunkoso ta ji kiɗan markaɗe yana tashi daga wata adaidaita. Ta ce a ranta, wannan kaushin nake nema, in aka ji muryata a kansa bakin masu magana ya mutu. Ta sa aka nemo mai shi, ta aika masa tana tafe.

To, ka san mu da baƙo. Mutumin nan ya dubi shagonsa, kunya ta kama shi. Ya share, ya manna katifu a jikin bangon don su tare ƙarar, ya je ya roƙi mai injin ya riƙa kashewa duk ranar da za ta zo. Kiɗan ma ya yi masa shara: ya tsince gurnanin, ya cire sandar, ya zuba sarewa da fiyano masu laushi irin waɗanda yake ji a waƙoƙinta. A ganinsa ba a tarbar babbar baƙuwa da tuwon jiya. Ta zo ta zauna, aka ba ta ruwa, ya kunna mata. Ta kasa kunne tana jiran injin, shiru. Abin da ta gudo wa a gida shi ta tarar a lungu. Amma ga mutum ya yi ɗawainiya, yana tsaye yana murmushi yana kallon bakinta, yaya za ta ce masa ba shi ba ne? Sai ta yi kara ta ce, "Madalla, ya yi." Ta koma gida tana saƙe-saƙe, ko ya raina ta ne, ya ɓoye na gasken don mutanensa. Shi kuwa ya lura ta ce madalla amma fuskarta ba ta ce ba, sai ya yanke cewa akwai sauran datti a kiɗan. Ya ƙara gogewa. Duk zuwan da za ta yi sai ta tarar ya fi na baya santsi, shi kuma ya ƙara ruɗewa, kuma ba wanda ya buɗe baki ya tambayi ɗan'uwansa me kake so.

Waƙa ta fita. Mutanenta suka ji suka ce ai irin ta kullum ce, suka wuce. 'Yan gareji suka ga sunansa a jiki, suka saurara daga farko har ƙarshe suna nemansa, ba su same shi ba. Suka ce ya ga haske ya sayar da su, suka daina tura kiɗansa. Wallahi ya ba ni tausayi, don yawo ya riƙa yi yana tambayar inda ya yi kuskure. Wannan ya ce zaƙi ya yi yawa, wancan ya ce bai kai na manya ba. Ita ba ta sake dawowa ba, sai dai ta faɗa wa na kusa da ita cewa ta je neman ƙarar inji an hana ta, maganar kuma ba ta taɓa isa kunnensa ba. Ya zauna ya yi ta lissafi, har ya gano wa kansa amsa: katifun ne ba su tare ƙarar da kyau ba, ta saɗaɗa cikin kiɗan, baƙuwa ta ji ta, shi ya sa ta gudu. Sai ya kwashe kayansa ya kama shago a wata unguwa mai shiru, inda ko kukan akuya ba ka ji. Yana can har yanzu, ɗaki tsit, yana jiran ta dawo.

Shi ya sa Hausawa suka ce, rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.