Inda Aka Binne Cibiyar Ɗan Sarki

Ka taɓa tambayar kanka me ya sa wani zai ci ƙasa da yaƙi har jikokinsa su gaje ta, wani kuwa kafin kaka ta zagayo ta suɓuce masa? Ni dai tun ina karatun tarihin daulolin Musulunci tambayar nan take cina. Saurari wannan misali.

Wani jarumi ne ya gangaro daga ƙasar duwatsu mai sanyi, da dawakai da bindigogi, ya ci wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai koguna da zafi, ya zama na farko a gidansu da ya mulke ta. To, ga damina ta kawo kai, manoma sun ƙi fita gona. Irin shukarsu ma sun zuba a tukwane sun binne, don sun saba: duk wanda ya sauko daga duwatsun nan jira yake hatsi ya nuna, ya kwashe, ya koma gida. Sarki ya sa aka yi shela kasuwa-kasuwa cewa shi zama ya zo yi. Aka ambaci sunansa a huɗubar Juma'a. Manoma suka ce amin, suka leƙa sansani, suka ga mayaƙansa ko kayansu ba su kwance ba, hirarsu kullum kankanar garinsu da sanyin ruwansa. Ba wanda ya taɓa fartanya. In kuwa ruwa ya wuce ba shuka, yunwa za ta ci talaka, ta ci mayaƙi, sarautar ma ta bi bayansu.

Ana cikin haka aka haifa wa sarki ɗa. Al'adar gidansu, in cibiyar jariri ta faɗi, sai a naɗe ta a ƙyalle, mahayi ya kai ta can duwatsu a binne kusa da kakanni. Har an ɗaura wa doki sirdi, sai sarki ya karɓi ƙyallen, ya taka da ƙafa da rana tsaka zuwa bakin gonakin da ciyawa ta fara ci. Ya durƙusa, ya tona rami da hannunsa, ya binne cibiyar, ya dasa ɗan mangwaro a kai. Kawunsa, tsohon mayaƙi, ya biyo shi yana huci: "Haba ɗana! Jininmu, a ƙasar da ko kabari ɗaya ba mu da shi?" Sarki ya karkaɗe hannu ya ce, "Kawu, can ɗin ma ai wani ne ya fara." Wata tsohuwa mai tsinkar ganye a gefe ta ga komai. Ta koma gida ta ce wa 'ya'yanta, "Ku tono tukunyar nan. Mutum ba ya cinna wa inda cibiyar ɗansa take wuta." Kafin ruwa na gaba, fartanyu sun cika gonaki. Wasu mayaƙan sun yi fushi sun koma duwatsu, gaskiya ne, amma waɗanda suka rage sun ci tuwon sabon hatsi, yaron kuma ya girma ya gaji ƙasa mai rumbuna.

Saboda haka, kai da aka tura wani gari ka koyar, ko ka duba marasa lafiya, ko ka shugabanci jama'a, don Allah rage yawan alkawari. Kwance jakarka, ka sa ɗanka a makarantar da nasu suke, ka sha ruwan rijiyarsu a gabansu. Hausawa sun riga mu faɗa: gani ya kori ji.