Kabarin Baban Monday

"A nan babana yake kwance, ranka ya daɗe," in ji Monday, ma'aikacin masaƙa, yana share hawaye da bayan hannu.

Jami'in da ke ƙiyasta diyya ya dubi kabarin da ke bayan gidan. Gwamnati za ta faɗaɗa mahaɗar Trikaniya saboda sabuwar hanyar Abuja, har an shafa wa bangon gidan Monday jan fenti, alamar rusau. Kowa a unguwar ya san diyyar kabari ta fi ta bishiyar mangwaro nesa ba kusa ba. A cikin maƙwabta ba wanda ya ce simintin kabarin ko gama bushewa bai yi ba.

"Sai an samu shaida," in ji jami'in. Ya waiga ya hango wani tsoho da buhun acca a kafaɗa, saukowarsa ke nan daga motar Zonkwa. "Baba, ka san mamacin?"

Tsohon ya ajiye buhun, ya matso ya karanta sunan da ke jikin gicciyen kabarin: Tanko. Ya daɗe yana kallon Monday, wanda ya sunkuyar da kai.

"Na san shi. Akuyoyinsa ya sayar ya sa yaron nan a makaranta. Mutumin kirki ne, haihuwa ce kawai bai yi sa'arta ba."

Ya tura wa Monday buhun da ƙafa.

"Ungo, in ji uwarka. Bari in koma in gaya mata mijinta ya rasu."