Kofin Ruwan Rami

Tun da damina ta daina zuwa, ƙasa ta bushe har ta daina shanye rarar wutar lantarki. Sai doka ta ce kowane ɗaki a bene ya ba da kofi guda daga rabon ruwansa kullum, a zuba a ramin da aka binne sandar jan ƙarfe mai kai rarar wutar cikin ƙasa. Idan ramin ya bushe, ranar da wuta ta hauhawa, na'urori su ƙone. Doka ce mai sauƙi, amma ta hannun mutum take bi.

Garbati da na'ura yake numfashi. Shi ya sa matarsa Lantana kofi biyu take miƙa wa maigadi, Baba Ɗanjuma, ita ta wuni da ƙishirwa.

Ranar Talata da hantsi ta taɓa jikin na'urar, wuta ta fizge ta. Ta sauko ta ɗaga murfin ramin. Gawayi da gishirin da aka zuba ciki don riƙe danshi sun zama ƙura. Ta zagaya bayan ɗakin maigadi, sai ga tumatir layi uku, kore shar.

"Baba, nan kake kai ruwan da nake ba ka?"

"Haba 'yata, ƙarfe na shan ruwa ne? Wata bakwai ban zuba ba, me ya faru? Ke ma ai kin ci. Wa yake kai miki tumatir kyauta duk Juma'a?"

Ta tuna har durƙusawa take yi ta gode masa.

Fitilar matakala ta yi haske fiye da kima, sannan ta mutu. Lantana ta tattare zanenta ta kama hawa, hawa bakwai, tana kasa kunne ko za ta jiyo ƙarar na'urar.