Benen Mataimakan Shugaba

Ranar da banki ya naɗa shi Mataimakin Shugaba, ko a jikinsa wai abokinsa na unguwar Tottenham a can ƙasar wajen da suke zaune, injiniyan kwamfuta irinsa a wani bankin, ya ninka shi albashi. Shi suna yake so, wanda za a faɗa a Kano a jinjina kai.

Lif, na'urar hawa bene, ya sauke shi a sabon benensa. Mutane jere iya ganinsa, koren hasken kwamfuta a fuskokinsu, kowane tebur da allo irin nasa: Mataimakin Shugaba. Babu taga, babu mai ko tari.

Dattijon da ke kusa da kujerarsa ya raɗa masa da Hausa: "Sannu da zuwa, ɗana. Ni ma da baƙin gashina na shigo. Wace shekara ake ciki a waje?"