Waya Ta Uku

"Kai dai ɗan koyo ne!" mijina ya daka wa mutumin da ya haɗa mana na'urar tsaron gida tsawa. "Ɓarayi sun shigo da rana tsaka, sun yi awon gaba da talabijin, ƙararrawarka ko tari ba ta yi ba!"

Ni dai na harɗe hannu ina kallonsa. Shi ya sallami maigadi, wai zamanin sanda da tocila ya wuce. Ya sa aka jona na'urorin ƙofa da na taga da wayoyinmu: in duk mun fita ƙararrawa ta ɗana kanta, in wayar ɗayanmu tana gida ta yi shiru. Ko baƙo ya zo sai ya sha lacca a kan na'urar.

Mutumin ya gama latse-latsensa, ya ɗago.

"Ranka ya daɗe, lafiyarta ƙalau. Ta ɗauka akwai mutum a gida."

"Wane mutum? Aljani? Ina ofis, matata tana wurin aiki, kowa da wayarsa!"

"Ai wayoyi uku ne a kai. Ta ukun da kanka ka ƙara, kuma yau ba ta bar gidan nan ba. Bari in kira lambar."

"Bar shi kawai," in ji gogan da sauri.

"Kira," na ce.

Sai ga kiɗa mai taushi yana tashi daga cikin tsohon takalmin mijina a bayan ƙofa.

Na dubi mutumin. "Malam, sannu da aiki. Na'urarka dai ta kama ɓarawo ɗaya."