Kukan Gyare a Situdiyo

Karo na uku ke nan kafinta yana ɓamɓare soson tare ƙara na bangon situdiyo yana sake liƙawa, mai situdiyon na tsaye a kansa, hannu a ƙugu.

Wata biyu ke nan wata siririyar ƙara, kamar kukan gyare, ta addabi ɗakin. Da mai situdiyon ya rufe ƙofa ya zauna gaban na'ura sai ta taso. Shi kuwa shekara ashirin da kunnensa yake ci. Mawaƙa daga nesa suke zuwa, don an san ko numfashi ne ya kauce sai ya kama. Ya rantse aikinsa ba zai fita da datti ba, ya dakatar da ɗaukar waƙa.

Ba abin da bai yi ba. Ya ninka soso. Ya sa ƙofa biyu, ya bi gefensu da roba. Ya toshe taga da bulo, ya shimfiɗa kafet kan kafet. Har faɗa ya je ya yi da maƙwabcinsa mai walda, mutumin ya rantse injinsa ya yi sati a lalace.

Mawaƙa suka gaji da jira, suka dinga zamewa. Ta ƙarshe, wata mai waƙar yara, ta saurari gwajin da suka ɗauka har sau biyu.

"Yaya, wallahi tas yake. Ka dai rage lasifikar nan, za ta fasa min kai."

Ya ɗauka kunyarsa kawai take ji. A gida ma matarsa ta fara mita, wai sai ta yi magana sau uku yake waiwayowa, hankalinsa duk ya tafi bango.

Kafinta ya gama, ya karkaɗe hannu.

"Maigida, ɗakin nan ko ƙuda ba shi da hanyar shiga. Ni dai basirata ta ƙare."

Da ya tafi, mai situdiyo ya kashe na'ura da fanka, ya zare wayoyi, ya fita ya sauke mitar wuta gaba ɗaya. Ya dawo ya rufe ƙofofin biyu, ya zauna a ƙasa, da rana tsaka, cikin duhu. Ƙarar na nan, har ta fi kullum fitowa.

Ya rasa inda zai sa kansa. Don ya samu hutu ko na minti ɗaya, ya cusa yatsu a kunnuwansa, ya danne da ƙarfi.

Ƙarar ba ta ragu ko kaɗan ba. Ashe duk wata biyun nan a cikin kunnensa take.